Wa Ya Fara Saɓa Alkawari?

'Yan'uwa malamai da iyalanmu, akwai maganar da muke yi a inuwar darbejiya lokacin tara, amma muke jin nauyin kawo ta zauren taro. Ita ce maganar abokan aikinmu a Talata Mafara da Bakura da Maradun waɗanda suka jinginar da gidajensu suka ci bashi, biya ya gagara, aka sayar da gidajen. Yau sun koma neman rancen gina wani matsuguni, ana ce musu sunansu ya ɓaci.

Ga yadda sunan yake ɓaci. Tun da aka shigo da lambar BVN a 2014, aka kuma kafa dokar adana bayanan masu cin bashi a 2017, duk bankin da ka tunkara yana iya duba tarihinka kafin ka gama zama. Daga 2020 ma Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna damar cire abin da suke bin mutum daga kowane asusunsa. Abin da kwamfuta ke nunawa shi ne bai biya ba. Dalilin rashin biyan kuwa babu gurbinsa a takardar.

To, bari mu cike musu gurbin. A 2019 aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 30,000, amma ba ta iso Zamfara ba sai a 2024, shekarar da Tarayya ta riga ta koma 70,000. Shekara biyar ke nan malami yana sayen gero da farashin yau, ana biyansa da lissafin jiya. A watan Satumba na 2021, bayan sace ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, an rufe makarantu da kasuwannin mako, an kuma katse layukan waya. Malamin firamare kuwa da 'yar gonarsa da tumakin da uwargida ke kiwo yake toshe ramin da albashi ya bari. Gonar ta gagari zuwa, kasuwar dabbobi babu. Wasu kuma ba don bukin aure ko sayen babur suka jinginar da gida ba, sun yi ne don fanso ɗa ko ƙane daga daji. Wa zai dubi idon irin wannan uba ya kira shi maci amana?

Mun san amsar masu banki: kuɗin na masu ajiya ne, dole a tsare shi. Gaskiya ne, kuma ba yafiya muke roƙo ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma mun san nauyinsa a addini. Sai dai addinin da ya tsananta a kan biya shi ne ya yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Idan har za a rubuta sunan malamin da ya makara wata uku, adalci ya ce a rubuta na mai biyansa albashi da ya makara shekara biyar.

Ko wanda sunansa bai ɓaci ba, ƙofar a ƙuntace take. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana karɓar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma ya ba da rance da ruwa kashi 6, a biya har tsawon shekara 30. A takarda abin sha'awa ne. Amma biyan wata ba zai wuce sulusin albashi ba, sulusin 70,000 kuwa bai kai 24,000 ba; a shiga kasuwar Mafara ranar Talata a tambayi kuɗin bandir ɗin kwano. Sannan ana neman takardar mallaka ta gwamnati, da amincewar gwamna kafin jingina, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada, alhali yawancinmu takardar ciniki ce a hannunmu mai ɗauke da shaidar mai unguwa. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da rashin takarda ke jawowa: iyayenmu sun ga yadda rikicin diyyar filayen dam ɗin Bakolori ya ƙare da jini a 1980. Wani abin mamaki kuma, jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a a 1999 a hannun ɗan Bakura, har yau malaminta da ke gudun riba sai ya yi ta lalube kafin ya ga hanyar mallakar gida.

Saboda haka muna neman hukumar ilimi ta kowace ƙaramar hukuma ta riƙa ba malami wasiƙa mai hatimi da ke nuna watannin da albashinsa ya makara ko aka yanke shi, domin ya haɗa ta da takardun neman rance. Muna neman gwamnatin jiha ta sa hukumar ZAGIS ta sauƙaƙa wa malamai kuɗin takardar mallaka, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan daga albashi. Shugabanninmu na NUT a Gusau kuma su zauna da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa a kan tsarin hayar da ke ƙarewa da mallaka, ƙungiya ta tsaya wa 'ya'yanta, har da waɗanda suka taɓa rasa gida.

Duk wanda abin ya shafa ya kawo wa sakataren reshe takardun albashinsa da bayanin asusunsa na shekarun da bashin ya tsaya. Ba za a karanta sunan kowa a taro ba, adadi kawai za mu kai Gusau.