Da Me Ake Auna Masani?



A jami'o'in duniya akwai wani awo da ake yi wa masu bincike, ana ce masa ma'aunin h. Wani masanin fiziks mai suna Jorge Hirsch ne ya fito da shi a 2005. Lissafinsa ba wuya. Idan mutum yana da takardun bincike 20, kuma kowace ɗaya an ambace ta aƙalla sau 20 a rubuce-rubucen masana, to makinsa 20 ke nan. A wurare da dama ana duba wannan maki kafin a ɗauki malami aiki ko a ƙara masa girma. Kusan dai yadda muke rububin jin wanda ya zo na ɗaya a ƙarshen zango.

Ni a ganina wannan awo ya gaza, kuma hujjata ita ce mutumin da awon kansa ya ɗaukaka, wato Ian Foster.

An haifi Foster a Wellington ta ƙasar Niyu Zilan a 1959, yana aiki a cibiyar bincike ta Argonne da Jami'ar Chikago a Amurka, kuma yana cikin masanan kwamfuta da aka fi ambata a duniya. A shekarun 1990 masana kimiyya sun shiga wani hali: lissafin da suke son yi ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya. Ga manyan kwamfutoci nan a jami'o'i daban-daban, amma kowace da dokokinta da kalmar sirrinta, ba mai jin yaren wata. Foster da abokan aikinsa Carl Kesselman da Steve Tuecke suka ƙirƙiro manhajar Globus don haɗa su su yi aiki tare. Tsarin suka kira shi girid, aron suna daga layin wutar lantarki. Mai kunna ƙwan fitila ba ya tambayar daga wace tasha wutar ta taso. Haka suke so mai bincike ya sami ƙarfin kwamfuta, ko tana wace ƙasa.

To ina amfanin ya bayyana? A kan iyakar Faransa da Siwizalan, cibiyar CERN tana da wata na'ura a ƙarƙashin ƙasa mai kewayen kilomita 27, inda ake gwara ƙananan ƙwayoyin zarra da juna cikin matsanancin gudu. Bayanan da ke fitowa daga wannan karo sun fi ƙarfin cibiyar ita kaɗai, don haka ake rarraba su ga cibiyoyin kwamfuta kusan 170 a ƙasashe sama da 40, bisa tsarin girid. Da taimakon wannan aka tace bayanan da suka kai ga sanar da gano ƙwayar Higgs ranar 4 ga Yuli, 2012. A shekara mai bi, Peter Higgs da François Englert suka karɓi lambar yabo ta Nobel.

A nan awon yake tuntuɓe. Masanin da ya rubuta sakamakon bincikensa ba lallai ne ya ambaci manhajar da ta ɗauko masa bayanai ba, kamar yadda direban da ya isa gari lafiya ba ya neman sunan wanda ya shimfiɗa kwalta. Kai, idan kayan aiki ya karɓu sosai, mantawa ma ake yi da cewa wani ne ya ƙirƙiro shi. Ke nan makin Foster, duk yawansa, bai ƙirga babban ɓangaren amfaninsa ba. Injiniyoyin da ke kwana suna kula da waɗannan cibiyoyi kuwa, da yawansu ko makin ba su da shi.

Akwai kuma wata takarda da masanan CERN suka fitar a 2015 mai ɗauke da sunayen marubuta 5,154. Duk wanda ya ambace ta ya ƙara wa kowannensu ambato ɗaya, da wanda ya yi shekaru yana aikin da wanda ya sa hannu kaɗan.

Na san wani zai ce ai dole a sami abin awo, tunda masu tantancewa ba za su iya karanta rubutun kowa ba. Gaskiya ne, ban ce a jefar da shi ba. Amma lamba tana da saukin murɗewa. Mutum na iya yawan ambaton kansa, ko abokai su riƙa ambaton juna, maki ya yi ta hawa. Tambayar da ba a iya yi wa dabara ita ce: idan aka janye aikin wannan mutum yau, aikin su wa zai tsaya?

Don haka ina da roƙo ga kwamitin bikin raba kyaututtuka. A bar kyautar na ɗaya da na biyu yadda take. Amma kafin ranar, a ba kowane aji takarda su rubuta sunan ɗalibin da bayaninsa ko littafin rubutunsa ya fi taimaka musu a wannan shekara, a ƙirga, a kira shi gaban iyaye shi ma.