Daga Bakin Shago: Ɗakin da na ji kunyar shiga



Yau ba zancen farashin shadda zan yi ba. Zancen kaina zan yi, kuma na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta shi.

Shekara talatin da ɗoriya ina kawo atamfa da shadda daga Kantin Kwari da Lome zuwa Kumasi. Na ga asara iri-iri, amma abin bai taɓa hana ni barci ba sai daga watan Agusta na 2019, lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Kayana suka maƙale a hanya, masu bashi kuma suna kira safe da dare. Ba a buɗe iyakar ba sai Disambar 2020, lokacin korona ta riga ta tsayar da kasuwa. Muna cewa mun fara numfashi sai 2022 ta zo: dalar da muke saye kusan sidi 6 a farkon shekara ta haura 14 kafin ƙarshenta, hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamba. Ka sayar da kaya da riba, ka koma sari, kuɗin ba su kai su sayo abin da ka sayar ba.

Jikina ya fara magana. Ƙarfe biyun dare idona biyu, ina lissafi a duhu. Wuya ya riƙe, ciki yana zafi, ƙirji yana bugawa ko da waya ce kawai ta yi ƙara. Yaro ya zubar da koko in yi masa tsawa kamar ya ƙona gida. Hajiya ta daina ba ni labarin komai, yara kuma da sun ji babur ɗina a ƙofar gida a Aboabo sai kowa ya shige ɗaki. Wannan ya fi asarar kuɗin ciwo.

Na sha rubutu, an yi mini tofi, na sha sassaƙe har da na wani mai magani a tashar mota. Ba na raina addu'a, har gobe ina yi. Amma da na je auna hawan jini, likita ya duba ni ya ce, "Alhaji, magani zan ba ka, sai dai akwai abin da ƙwaya ba za ta cire ba." Ya tura ni wajen masaniyar halayyar ɗan Adam. Na ce masa ni ba mahaukaci ba ne. Ya yi murmushi ya ce shi ma bai ce ba.

Wata uku takardar tana aljihuna. Mu a Zango mun san waɗannan wurare da sunan Pantang da Ankaful, inda ake kai wanda ya tuɓe a titi. Ban san cewa tun 2012 Gana ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta nemi a kawo wannan kulawa cikin asibitocin gari ba. A nan Kumasi asibitin Komfo Anokye yana da sashensa.

Ranar da na shiga, na tarar da mace sa'ar 'yata. Na kusa juyawa. Ta ce, "Baba, zauna, ba allura a nan." Da Turanci da Tuwi muka lallaɓa. Ta bayyana mini cewa jiki yana da wani shiri na tsoro, yana sakin sinadaran da ke sa zuciya gudu idan haɗari ya zo, sa'annan ya lafa. Ni nawa ya ƙi lafawa shekara da shekaru, kamar injin da aka bari a kunne.

Aikin da ta ba ni ya ba ni dariya da farko, don aikin ɗan kasuwa ne. In sayi littafi, in raba shafi biyu: abin da ke hannuna, da abin da ba ya hannuna. Farashin dala ba ya hannuna. Kiran mai bashi in tsara masa biya kaɗan-kaɗan yana hannuna. Ta sa na ware minti ashirin bayan la'asar don damuwa kawai. In tunani ya zo da dare, in rubuta shi in ce masa sai gobe. Ta koya mini jan numfashi a hankali, ta hana ni ataya bayan magariba, wanda shi ne ya fi mini wuya. Kuma ta tambaye ni abin da ba wanda ya taɓa tambayata: in shagon ya rufe, me nake ganin zan zama? Na yi shiru mai tsawo. Ashe tsoron kunya a idon mutanen gida, can Katsina, ya fi tsoron talaucin kansa nauyi a raina.

Na je sau takwas. Bashin bai ƙare ba, akwai daren da har yanzu nake farkawa. Amma a Maris na 2023, da wuta ta tashi a sabuwar kasuwar Kejetia, na kira abokaina na ji lafiyarsu, na yi musu jaje, na kuma iya kwanciya a wannan dare. Hajiya ta dawo tana ba ni labarin biki da suna.

Makon jiya wani maƙwabcina mai sayar da takalma, wanda ya fi kowa yi mini ba'a, ya jira sai da yaran shago suka tafi salla, ya matso ya ce a hankali, "Alhaji, ɗakin nan da kake zuwa, wace rana suke ganin mutane?" Na ce masa ya shirya ranar Talata, zan raka shi.