Wasiƙa zuwa ga masu zane da masassaƙan Jakusko, Gashuwa da Nguru

'Yan'uwa masu riƙe da buroshi da gizago, wannan takarda taku ce, ku masu rubuta allunan shaguna, da masu ƙawata bodin manyan motoci, da masu zanen bangon makarantu, da masu sassaƙa turmi da kwalekwale. Halin da sana'ar take ciki ba ɓoyayye ba ne. Tun da injin buga bana ya shigo, mai shago kan ɗauki hoto a waya ya kai, kafin la'asar an buga masa, ga sheƙi ga araha. Duk wanda ya ce zai yi tsere da wannan inji wajen kwafar hoton wani, wahala kawai zai sha.

Amma a dubi abin da ake zanawa a bangayenmu: zaki ya danne barewa, benayen Dubai, duwatsu masu ƙanƙara da wani gidan Turawa a gindinsu, duk daga kalanda ko waya. Ga Komadugu Yobe yana wucewa ta gefen Gashuwa, ga fadamar Haɗeja da Nguru da tsuntsayen Turai ke ƙetaro Sahara su yi hunturu a cikinta, ga mafakar tsuntsaye ta Dagona da Yarima Philip na Ingila ya zo kallo a 1989, amma da wuya mutum ya ga an zana ɗaya daga cikinsu. Shi ya sa mai wannan wasiƙa ya ga ya dace ya kawo muku labarin wasu gwanayen zane na Birtaniya, domin da yawansu da abin da ke ƙofar gidansu suka yi suna.

John Constable, wanda aka haifa a 1776, ɗan mai injin niƙan hatsi ne a bakin wani ƙaramin kogi mai suna Stour a gabashin Ingila. Har ya mutu a 1837 bai taɓa fita ƙasarsa ba. Zanensa da ya fi shahara, The Hay Wain na 1821, ba sarki a cikinsa ba yaƙi. Amalanke ne da dawakai a tsakiyar ruwa mara zurfi, da gidan wani manomi a hagu, da kare a bakin gaɓa, sai sararin sama cike da gajimare. Wanda ya taɓa ganin amalanken shanu yana ratsa ruwa da damina a ƙauyukan Jakusko ya san wannan hoto tun kafin a nuna masa. Da aka baje shi a Landan ba wanda ya saya. Sai a 1824, da aka kai shi Paris, Sarkin Faransa ya ba Constable lambar zinariya. Mutanen ƙasarsa kuwa ba su karɓe shi cikakken ɗan majalisar gwanayen zane ta masarauta ba sai a 1829, yana da shekara 52.

Abin koyi a wurinsa shi ne yadda ya yi da gajimare. A 1821 da 1822 ya dinga hawa tudun Hampstead a arewacin Landan yana zana sama kaɗai, takarda bayan takarda, a bayan da yawa daga cikinsu kuma ya rubuta kwanan wata, da lokaci, da inda iska take fitowa. Wannan aiki ba ya bukatar jari. Littafin rubutu na 'yan makaranta da fensir, ko ma gawayi, sun isa. Hadarin da ke tasowa daga gabas a watan Yuli, da jan ƙurar da ke riga shi isowa, da hazon Janairu da ke mayar da rana fara fat har a iya kallonta, kowanne da launinsa, kuma kwata ɗin awa ya isa ya sauya. Mai zanen da ya tara irin waɗannan takardu na damina biyu ba zai ƙara shafa shuɗin fenti ɗaya tilo ya kira shi sama ba.

Sa'ansa J. M. W. Turner ɗan mai aski ne a Landan, kuma a shagon askin uban aka fara rataye zanensa ana sayarwa. Ya shiga makarantar zane yana da shekara 14. A 1838 aka jawo wani tsohon jirgin yaƙi mai filafilai, Temeraire, wanda ya yi yaƙin Trafalgar a 1805, zuwa inda za a wargaza shi a sayar da katakon. Turner ya zana shi fari-fari, ƙaramin jirgi baƙi mai hayaƙi yana jan sa, rana tana faɗuwa. A 2005 masu sauraron rediyon BBC suka zaɓe shi zane mafi daraja a Birtaniya, amalanken Constable ya zo na biyu, kuma tun 2020 yana kan takardar fam 20.

Turner ya gane cewa abin da ke shirin ɓacewa ya fi bukatar mai zane. A nan ma akwai irinsa birjik. Tashar jirgin ƙasa ta Nguru, inda layin dogo daga Kano ya tsaya a 1930 ya dinga kwasar gyaɗa da fatu, ta ga zamanin da yaran yau ba su sani ba. Ciyawar kachalla tana cinye hanyoyin ruwan da kwalekwale ke bi a da. Ga ragowar ganuwar Gogaram, tsohuwar hedikwatar Bade, a nan cikin ƙasar Jakusko, inda ake bikin kamun kifi na Mauyi-Ganga. Waya tana ɗaukar hotonsu, gaskiya ne, amma hoton waya yana tafiya ranar da wayar ta faɗa ruwa. Da Turner ya mutu a 1851 ya bar wa ƙasarsa zanen fentin mai kusan 300 da takardun zane wajen 30,000, har yau ana buɗe littattafansa a gidan adana zane na Tate.

Sai dai kada a bi shi a komai. An san shi da sayen launuka masu ɗaukar ido waɗanda ba sa jure haske, jan da ke wasu zanukansa ma ya koɗe tun da daɗewa. Idan haka ta faru a Ingila mai ƙarancin rana, ina ga allon da zai sha ranar Afrilu a Nguru? Wanda ya cika wa fenti kananzir don gwangwani ya kai, ya ƙi goge katako ya yi masa shafen farko, sunansa ne zai koɗe tare da aikin, mai shago kuma ya koma wurin mai bana.

Akwai maganar da ba za a tsallake ba, wato hukuncin zana mai rai. Malamai sun yi bayani mai yawa a kai, sun fi tsanantawa a kan mutum-mutumi, kowa kuma ya san malamin da yake tambaya. Abin da ya shahara shi ne shawarar da Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da shi, ya ba wani mai sana'ar zane, cewa ya koma ga itatuwa da abubuwan da ba su da rai. Wannan fili ne mai faɗi ƙwarai, kuma kusan duk ɗaukakar Constable da Turner a cikinsa take: ruwa, sama, itace, jirgi, haske. Ko George Stubbs, ɗan majemi daga Liverpool wanda ya yi wata 18 yana feɗe matattun dawakai don ya san kwanciyar kowace jijiya kafin ya fitar da littafinsa a 1766, darasinsa ya wuce doki. Sanin ginin abu ne. Goruba tana rabuwa reshe biyu-biyu, giginya miƙaƙƙiya ce da kumburi a tsakiyar jiki, gawo yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Wanda ya zana su duka da kai ɗaya mai kama da lema bai dube su ba.

Ku kuma masassaƙa, ga naku. Barbara Hepworth, wadda aikinta na tagulla mai tsawon mita 6.4 yake tsaye a gaban ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a New York tun 1964, ba fuskar kowa take sassaƙawa ba a yawancin ayyukanta. Siffa ce kawai, mai lanƙwasa da rami a tsakiya don haske ya ratsa. A 1954 aka kai mata manyan gumagumai na wani katako mai ƙamshi daga Najeriya, daga cikinsu ta fitar da Corinthos, ta rarake cikinsa ta shafa masa fari, ta bar bayan yana sheƙi da launin itacen. Rarake gungume kuwa ba Bature ne zai koya wa mutumin Yobe ba. Kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a 1987 a ƙaramar hukumar Fune, ya kai shekara 8,000, tsawonsa ya haura mita 8, kuma babu jirgin ruwan da aka sani ya girme shi a Afirka. Bambancin da ke tsakanin akushin da ake sayarwa a kasuwar ƙauye da wanda ake ajiyewa a bayan gilashi sau da yawa kwana uku ne na gogewa, da haƙurin barin itace ya bushe a inuwa kada ya tsage.

Saura maganar suna da kuɗi, kuma a nan ne aka fi cutar masu sana'ar hannu. William Hogarth ya ga 'yan kwafi suna buga zanukansa suna sayarwa da araha, sai ya matsa har majalisar Ingila ta yi doka a 1735 wadda ta ba mai zane haƙƙin aikinsa na shekara 14, da sharaɗin a rubuta sunan mai shi da ranar fitarwa a jikin kowane bugu. Alfred Wallis bai yi wannan sa'a ba. Tsohon masunci ne a garin St Ives, ya fara zane yana wajen shekara 70, da fentin jirgin ruwa a kan yagaggun kwalaye, yana zana jiragen da ya sani a ƙuruciya. Wasu masu zane biyu daga Landan suka gan shi a 1928, aka dinga karɓar kwalayensa a kan 'yan sulalla. Ya mutu a gidan gajiyayyu a 1942, kwalayen kuma suna Tate da Cambridge.

Kada kuma labarin miliyoyi ya ruɗi kowa. Tutu, zanen da ɗan Najeriya Ben Enwonwu ya yi a 1974, an yi gwanjonsa a Landan a 2018 a kan fam miliyan 1.2, alhali mai zanen ya rasu tun 1994. Abin da ke hannunku yanzu ya fi wannan sauƙi. Kowane aiki ya fita da cikakken suna da gari da shekara a kusurwarsa, ko a gindin turmi ne, maimakon lambar waya kaɗai. A ɗauki hotonsa kafin a miƙa, a rubuta wanda ya saya da nawa ya biya a littafi guda. Idan ɗan siyasa ko wata ƙungiya ta sa aka zana mata alama, a yi magana tun kafin a jiƙa buroshi: kuɗin allo ɗaya ne aka biya, ko har da izinin bugawa a riguna da banoni? Farashin biyun ba ɗaya ba ne, kuma a sa shaida ko a rubuta a takarda.