Littattafan Al'ajabi: A Karanta, Amma A Faɗi Dalili

Akwai wata gardama da ta daɗe tana kai da kawo tsakanin ma'abuta karatu a nan birnin Katsina, a ɗakin hutawar malamai, da ofisoshi bayan an tashi daga aiki, har da wurin hira da dare. Gardamar kuwa a kan littattafan al'ajabi ce, watau waɗanda ke ba da labarin aljanu da sihiri da ƙasashen da ba wanda ya taɓa takawa, da kuma ƙannensu na zamani masu labarin tafiya sararin sama da injunan da ba a ƙera ba tukuna. Waɗansu sun ce ƙarya ce tsagwaronta, bai kamata mai hankali ya ɓata idonsa a kanta ba, balle ya miƙa wa yaro. Waɗansu kuwa kullum suna yi wa juna kwatancen wanda ya fi daɗi, wannan ya ara wa wancan, har littafi ya rabu da bangonsa.

Mu dai muna tare da masu karantawa, amma da sharaɗi guda. Duk wanda zai ce wa ɗan'uwansa ko almajirinsa ya karanta littafi kaza, to, ya faɗi dalili. Cewa "akwai daɗi" kaɗai bai isa ba, gama zuma ma akwai daɗi, amma ba a cika wa jariri ciki da ita.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mutanen Katsina su tuna cewa irin wannan rubutu ɗan gida ne. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙago labarai da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa, uku daga cikin marubutansu kuwa sun sha ruwan Katsina. Malam Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja. Wansa, Malam Bello Kagara, wanda ya rubuta Ganɗoki, malami ne a Kwalejin Katsina. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, a wannan kwaleji ya yi karatu. Ginin kwalejin, wanda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, yana nan har yau an mai da shi gidan tarihi. Waɗannan mutane ba shashashai ba ne. Ɗaya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, ɗaya ya zama Walin Katsina, ɗaya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Biyun farko ba su ga wani ƙasƙanci ba a cikin rubuta labarin aljanu domin yara su so karatu.

Ga abin da ya sa maganar ta ke da nauyi a wurinmu. Kowane malami ya san cewa koya wa yaro haɗa baƙi da wasali ba shi ne mai wuya ba. Wuyar ita ce ya ci gaba da karatu bayan ya bar makaranta, inda ba mai tsare shi da bulala ko jarrabawa. Karatun da ba a taɓawa kamar wuƙa ce da aka jefa a rufewa, tsatsa ce za ta cinye ta. Shi ya sa a lokacin Yaƙi da Jahilci, cikin shekarun 1950, aka kafa hukumar NORLA a Zariya don ta samar wa sababbin masu karatu abin da za su riƙa dubawa, ta yi aiki har 1959. Yaro ba zai sayi fitila da mai don ya karanta dokokin haraji ba. Amma ku ba shi labarin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, ku ga ko zai yi barci bai kai ƙarshe ba.

Duk da haka ba za mu ce masu suka ba su da hujja ba. Tsoronsu shi ne yaro ya tashi yana zaton arziki a cikin zoben sihiri ya ke, ko kuwa laya ita ke cin jarrabawa. Wannan tsoro yana kan hanya, musamman ga littattafan da jaruminsu ba ya gumi, da ya shiga uku sai aljani ya ɓullo ya fid da shi. Amma hanawa ba ta maganin abin. Littafin da aka hana a aji, a ƙarƙashin tabarma a ke karanta shi, inda ba malamin da zai yi wa yaro bayani. Maganin shi ne babba ya riga yaro karantawa, sa'an nan su zauna su tattauna.

To, da wane ma'auni za a auna? Muna ba da shawarar tambayoyi uku, waɗanda kowane mai yaba littafi ya kamata ya amsa kafin ya ba da aro.

Ta farko: da me jarumin ya ci nasara? In da dabara ne, da haƙuri, da cika alkawari, to, ko aljanu dubu ne a littafin ba kome. A Ruwan Bagaja, ko da ya ke aljanu sun taimaka daga ƙarshe, yawancin tafiyar wayo ne da juriya suka ɗauki Alhaji Imam daga gari zuwa gari, abin da ya fid da shi daga gida kuma shi ne kare mutuncin tsohon da ya rene shi. A Magana Jari Ce, wanda ya fito kashi uku daga 1937 zuwa 1939, aku ba shi da takobi ba shi da laya, harshe kaɗai gare shi.

Ta biyu: yaya Hausar littafin ta ke? Akawun da zai rubuta wasiƙar ofis da malamin da zai tsaya gaban aji duk suna ɗaukar salon magana daga abin da su ke karantawa. Littafin da ya gurɓata harshe ya yi ɓarna ko da labarinsa ya yi armashi.

Ta uku: wace tambaya littafin ya bari a zuciyar mai karatu? A nan ne labaran ƙagen kimiyya suka yi fice, a nan ne kuma mu Hausawa mu ke da ƙaranci. A 1865 wani Bafaranshe, Jules Verne, ya rubuta labarin mutum uku da aka cusa cikin wani ƙaton harsashi, aka harba su zuwa wata da igwa daga Fulorida ta ƙasar Amurka. A lokacin ko jirgin sama mai inji babu. Bayan shekara 104, a watan Yuli 1969, mutum uku suka tashi daga Fulorida ɗin, biyu daga cikinsu suka taka wata. Igwar Verne ba za ta yi aiki ba, domin ƙarfin harbin zai hallaka duk wanda ke ciki nan take. Amma ku dubi irin darasin da malamin kimiyya zai ciro in ya tambayi ajinsa me ya sa igwa ta kāsa, roka ta iya. Haka kuma wani Ba'amurke, Robert Goddard, yana ɗan shekara 16 ya karanta labarin H. G. Wells na mahara daga wata duniya, abin ya tsaya masa a rai. A 1926 shi ne ya harba roka ta farko mai aiki da man ruwa. Ƙafa 41 kacal ta tashi, amma da rarrafe yaro kan tashi.

Mu ma ba a bar mu hannu rabbana ba. A shekarar nan ta 1969 Umaru Dembo ya fito da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin wani yaro, Kilba, wanda wani baƙo daga sararin sama ya ɗauka ya nuna masa abubuwan da ke can. Sai dai littafin bai sami 'yan'uwa da yawa ba. Labaran yaƙi da na aljanu sun cika kasuwa tun daga shekarun 1990, na kimiyya kuwa sai an tona. Alhali tun 2003 Nijeriya ta sa aka harba mata tauraron ɗan Adam na farko daga ƙasar Rasha. Ina labarin da zai sa ɗan Ƙofar Sauri ko 'yar Rafindadi su ji cewa su ma suna iya ƙera irinsa?

Ga shawararmu ga malamai. Ku fara wa yara da Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. In ƙafarsu ta yi ƙarfi ku ba su Ganɗoki, ku taya su rarrabe inda tarihin zuwan Turawa ya tsaya da inda ƙagen ƙasar aljanu ya fara. Ku bi da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, ɗan wannan ƙasa tamu, wanda ya fito a 1951, ku kuma gaya musu cewa asalin labarin na wani jarumin Rasha ne aka sa masa rigar Hausa, don su san aro ba abin kunya ba ne in an iya ɗinki. Daga nan sai Tauraruwa Mai Wutsiya, a haɗa shi da darasin taurari.

Ga akawuna da sauran ma'aikata kuma, tun da kun riga kun saba musayar littattafai, ku mai da abin al'ada mai tsari. Ku ware yamma ɗaya a wata, kowa ya zo da littafin da ya karanta, ya amsa tambayoyin nan uku a gaban abokansa, wanda bai yarda ba ya kawo tasa hujja cikin ladabi. Wanda kuma Allah ya ba shi alƙalami da ɗan sanin lissafi ko aikin inji, ya gwada rubuta mana labarin kimiyya da Hausa. Malaman 1933 ba su jira wani ya zo daga waje ya rubuta musu ba.

Allah ya ƙara mana son ilmi mai amfani, ya shirya mana zuriyarmu, amin.