LABARIN WASA IDAN YA YI NISA DA GIDA

A watan Afrilu na shekarar 1992 wata mujallar Amurka mai suna Electronic Gaming Monthly ta buga labari game da wasan bidiyon nan na dambe, wato Street Fighter II. Ta ce wai akwai wani ɓoyayyen gwarzo mai suna Sheng Long a cikin wasan, wanda ba zai bayyana ba sai ga wanda ya kai ƙarshe ba tare da an taɓa shi ko sau ɗaya ba. Zolaya ce irin wadda Turawa suka saba yi wa juna ranar 1 ga Afrilu. Amma sai mujallun wasu ƙasashe suka kwashi labarin suka buga ba tare da bincike ba, yara kuma suka yi ta zuba kuɗinsu a na'ura suna neman abin da babu shi.

Wancan zamanin takarda ke nan, lokacin da labari kan yi makonni kafin ya ƙetare teku. Da intanet ta zo sai abin ya ƙara ƙafa. Bayan fitowar wasan Grand Theft Auto: San Andreas a 2004, samari sun shafe shekaru suna farautar wani dodo da aka ce yana cikin dajin wasan, suna nuna wa juna hotunan da aka haɗa, alhali kuwa masu wasan sun ce ba su sa shi ba.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan mutumin Abbare ta Jalingo da shirmen 'ya'yan Turawa? Akwai ruwansa ƙwarai. Duk wanda ya zauna a shagon cajin waya ko gidan wasan bidiyo ya san yadda samarinmu ke miƙa wa juna irin waɗannan labarai: wai sabon wasa ya fito, wai a taɓa nan a sami kyauta. Abin lura shi ne, zolaya ba ta tafiya da alamarta. Wanda ya ƙirƙira ya san wasa yake yi. Na biyu ya yanke hoton ya bar kwanan wata a baya. Na uku ya juya shi zuwa Hausa ya ƙara gishiri. Kafin ya iso WhatsApp ɗin gida, ba sunan mujalla ne a kansa ba, sunan yayanka ne ko abokinka, wanda ba ka taɓa kama shi da ƙarya ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Idan abin ya tsaya a kan wasa, hasarar ba ta wuce kuɗin data ba. Amma hannun da ya saba tura labarin wasa ba tare da tambaya ba, shi ne zai tura na cuta. Ba mu manta da asubahin Juma'a 8 ga Agusta 2014 ba, sa'ad da aka yi ta tashin mutane daga barci ta waya ana cewa su yi wanka da ruwan gishiri su kuma sha, wai maganin Ebola. Jaridu sun ba da labarin mutuwar aƙalla mutum 2, an kuma kwantar da kimanin 20 a asibiti, daga baya kuma suka ce da wasa aka fara zancen. Ita cutar kanta mutum 8 ta kashe a duk Nijeriya kafin a kawar da ita a watan Oktoba na shekarar. Hausawa sun ce in kunne ya ji jiki ya tsira, amma a ranar nan abin da kunne ya ji shi ya kwantar da jiki.

Saboda haka muna kira ga samari, musamman waɗanda suka fi iyayensu sanin waya, su riƙa yin tambaya uku kafin su tura kowane labari: wa ya fara faɗa, yaushe ya faɗa, kuma shin kamfanin ko hukumar da aka ambata ta faɗa da bakinta? Malaman makaranta su ma su koya wa ɗalibai wannan kamar yadda suke koya musu lissafi. Wanda ya tura labari ya sa hannu a kansa ke nan, ko da ba shi ya rubuta ba. Allah ya sa mu gane.