Lambobi shida da baƙon kawu



Tun da aka rufe gadar Gaya zuwa Malanbil a 2023, WhatsApp ya zama gadarmu da dangi. Ɓarayi ma sun gane haka. Makon jiya baƙuwar lamba ta rubuto wa ɗiyata, 'yar shekara 13, wai kawunta ne daga Kamba, ta turo masa lambobi shida da suka shigo wayar uwarta. Ta tura, don ba a musu da kawu. Kafin magariba an ƙwace asusun WhatsApp na uwarta da waɗannan lambobi, ana roƙon dangi jaka goma-goma.

Nijar na da dokar laifukan intanet tun 2019. Duk da haka, ina roƙon rediyoyin Dosso su faɗakar kan waɗannan lambobi da Hausa, Zabarmanci da Dandanci.

Wani uba, daga Gaya