Salsalar Sarakuna Tana Rubuce, Ta Talaka Fa?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicce mu dangi dangi domin mu san juna, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen talikai da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku malamai da fatake masu karanta wannan shafi, ina so mu yi shawara bisa wani abu da ke ɓace mana kullum ba mu lura ba.

Sa'ad da Allah ya yi wa Sarkin Zazzau Shehu Idris rasuwa ran 20 ga Satumba 2020, bayan ya shekara 45 bisa gadon sarauta, babu zaure ko rumfar kasuwa a Zariya inda ba a baje salsala ba. Kowa ya iya lissafin gidaje huɗu: Mallawa na Malam Musa, Barebari na Yamusa, Katsinawa na Abdulkarimu, Sulluɓawa na Abdussalami. Da aka naɗa Sarki Ahmad Nuhu Bamalli cikin watan Oktoba, har almajirai sun san sarauta ta komo gidan Mallawa bayan wajen shekara ɗari, watau tun Sarki Aliyu ɗan Sidi wanda Turawa suka tuɓe suka kai Lakwaja. Ran nan na tambayi ɗaya daga cikin gwanayen wannan lissafi sunan kakan ubansa. Ya yi shiru, ya sosa ƙeya.

Ban ga laifinsa ba. Salsalar sarakuna ta tsaru domin sarauta tana rataye da ita, maroƙa suna maimaita ta, marubuta suna rubutawa. Ta talaka kuwa tana cikin kan tsofaffi, musamman mata, kuma kowace jana'iza tana tafiya da wani yanki nata.

A nan Tudun Wada abin ya fi tsanani, gama unguwar baƙi ce tun asali. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Zariya ta isa Kano a 1911, ciniki ya buɗe, Turawa suka zaunar da mutanen Kudu a Sabon Gari, baƙin Arewa kuwa suka sauka nan, bayan ganuwa. Kakanninmu sun zo daga Kano da Katsina da Sakkwato da Barno da Nufe da Damagaram, wani da fataucin auduga, wani da goro, wani da allo da gafaka. Mutumin cikin birni in ya manta, gidan kakansa yana nan, maƙwabta za su tuna masa. Mu kuwa tushenmu yana wani gari, wanda ya san hanyar garin ya kwanta dama.

Shekarun nan na ga zuriyoyi da yawa sun farga. Suna kafa ƙungiyar zumunta, suna taruwa bayan Salla, suna buɗe zauren hira a WhatsApp, wasu har suna buga kalanda da hotunan dattawa. Madalla da wannan. Amma galibi a ci shinkafa ne, a ɗauki hoto, a watse, ba a rubuta ko layi ɗaya ba, alhali tsohuwar da ta san kome tana zaune can gefe bisa tabarma, ba wanda ya tambaye ta.

Sanin nasaba abu ne da shari'a ta kwaɗaitar, domin hakkoki uku suna dogare da shi. Na fari sada zumunci, gama ba ka ziyartar wanda ba ka san da shi ba. Na biyu aure: nono yana haramta abin da jini ke haramtawa, kuma ba mai sanin wadda ta shayar da wane sai matan gida. Na uku gado, kuma a nan ne wuta take.

Bara aka kira ni rabon wani gida a unguwarmu. Mai gidan na fari ya rasu tun zamanin En'e, ba a raba ba, 'ya'yansa suka bi shi ɗaya ɗaya, har magada suka haura arba'in. Masu karatun fara'ili sun san wannan shi ne munasaha, gado cikin gado, kuma ba ya warwaruwa sai an san wanda ya riga wani mutuwa. To, cikin 'ya'yan akwai wanda ya tafi hajji ta ƙasa, ya zauna Sudan, labarinsa ya yanke. In ya riga ubansa rasuwa ba shi da kome a gidan. In kuwa ya rayu bayansa, kasonsa yana nan, hakkin 'ya'yansa ne ko suna ina. Aka ce wata gwaggonsu ita ce ta riƙe wasiƙarsa ta ƙarshe, ta kuwa rasu da damina biyu kafin a kira ni, an zubar da tarkacen ɗakinta. Har yau gidan yana rufe, soraye suna zubewa, 'yan'uwa ba su ga maciji da juna. Takarda guda da ta raba wannan gardama.

Magabata ba su yi sakaci haka ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta nasabar danginsa, ya kuma jera malaman da ya yi karatu wurinsu cikin Ida'un Nusuhi. Wazirin Sakkwato Junaidu ya bar mana Tarihin Fulani. Ko ƙananan malamai irin iyayenmu sukan rubuta ranar haihuwa da ta mutuwa a bayan littafi. Akwai kuma abin kunya gare mu cikin labarin Baba mutuniyar Karo. Tsohuwa ce da ba ta yi karatu ba, amma a ƙarshen 1949 da farkon 1950, a nan ƙasar Zazzau, ta zayyana wa wata Baturiya, Mary Smith, kakanninta da aurarrakin danginta da rinjinsu da zamanin hari. Ta rasu a 1951, littafin ya fita a Ingila a 1954. Baba nawa muka binne a Tudun Wada ba mu ɗauki alƙalami ba?

Ga shawarata ga kowace ƙungiyar zumunta. A zaɓi mutum biyu, namiji mai rubutu da mace mai haƙuri, domin akwai maganar da tsohuwa ba ta faɗa wa namiji. A fara da mafi tsufa, yau ba gobe ba. A tuna kunya tana hana mace faɗin sunan mijinta da na ɗanta na fari, saboda haka a nemi sunan yanka daga wani bakin, a rubuta shi tare da laƙabi. In ba a san shekara ba a ɗaura ta ga abin da kowa ya sani: yunwar Kakalaba ta 1914, zuwan Sarauniyar Ingila Kaduna a 1956, kisan Sardauna a 1966, canjin kuɗi zuwa naira a 1973. A rubuta wanda ya faɗi kowace magana, kamar yadda masu hadisi ke kiyaye isnadi. In baki biyu suka saɓa a rubuta duka biyu. A ɗauki murya da waya, amma a juya ta cikin takarda, ajami da boko, gama waya tana ɓata. Tsofaffin wasiƙu da takardun cinikin gida a ɗauki hotonsu, a ajiye a gida uku. Wanda ke son zurfafawa, ga Gidan Arewa a Kaduna da aka kafa a 1970, ga ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a can, ga kuma sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru inda aka tara rubuce-rubucen malamai.

Sai gargaɗi, wanda ya fi duk abin da ya gabata nauyi. Mai tonon asali zai iske abin da bai so ba. Ƙasar Zazzau ta yi rinjoji da yawa, kuma gidaje da dama a cikinmu akwai kaka da aka kamo. Kada a goge ta, uwa ce, addu'a take bi. Kada kuma a mai da littafin nan makamin gori ranar neman aure. Haka nan kada a ƙago sharifta ko a jingina kai ga gidan sarauta domin neman girma, gama danganta kai ga wanda ba ubanka ba yana cikin manyan zunubai, kuma fifiko wurin Allah da taƙawa yake. Kakanka in mahauci ne rubuta mahauci, in ɗan koli ne rubuta ɗan koli. Da guminsa aka gina zauren da kake zaune.

Ni dai na sa manyan almajiraina kowa ya kawo mini sunayen kakanninsa huɗu da garuruwansu kafin watan Azumi, na uwa da na uba. Ina roƙon malamai 'yan'uwana su gwada haka, limamai kuma su tunatar ranar suna da ranar sadakar uku, sa'ad da dangi ke haɗe. Allah ya jiƙan magabatanmu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda muka manta, ya sa mu cika da imani. Amin. Wassalam.